Shin Elvis Presley satar waƙa ya yi? Fashin baƙi kan tashen "sarkin" rok-an-rol

Duk sanda sunan Elvis Presley ya taso a kafafen sada zumunta, gardama ɗaya ce ke biyo baya. Wasu su ce shi ne sarkin rok-an-rol, daga kansa aka fara. Wasu su ce ɓarawo ne da ya kwashe kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, ya shafa masa farar hoda, ya tara dukiya, masu abin kuma suka mutu cikin talauci. Fim ɗin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2022 ya sake hura wutar, har a tsakanin matasan da ba su taɓa riƙe faifan garmaho ba.

Abin tambaya shi ne, yaya aka yi direban motar kamfanin lantarki, ɗan shekara 19, ya zama mawaƙin da ya fi kowa suna a Amurka cikin shekara biyu kacal? Baiwa ce, ko launin fata, ko dabarar 'yan kasuwa? In kuma an yi sata, me aka sata, wa ya sata?

Kiɗan ya girmi Elvis

Sai an fara sanin yadda kasuwar waƙa take a Amurka a wancan zamani. Kamar yadda wariyar launin fata ta raba makarantu da asibitoci da kujerun bas a jihohin kudu, haka ta raba faya-fayai. Mujallar Billboard, mai bin diddigin cinikin waƙoƙi, jeri uku take fitarwa: na waƙoƙin gama-gari, inda manyan kuɗi suke; na kantiri, wato kiɗan fararen fatar karkara; sai na baƙaƙe. Wannan na ukun, har zuwa 1949 da sunan launin fata ake kiransa ƙarara, kafin a sauya masa suna zuwa ridim-an-buluz.

Buluz waƙar kukan zuci ce da ta taso a gonakin auduga na kudu, a bakin jikokin bayi. Da suka yi ƙaura zuwa birane irin su Memphis da Chicago da New Orleans, sai kiɗan ya samu jitar lantarki da ganguna da fiyano, ya ƙara sauri, ya zama abin rawa. Wannan shi ne ridim-an-buluz. Ita kuwa kalmar rok-an-rol, ta daɗe a bakin baƙaƙe: ana faɗinta ga jijjigar da ke kama masu waƙa a coci, ana faɗinta ga rawa, ana kuma sakaya zancen saduwar namiji da mace da ita. Wani farar fata mai shiri a rediyo a birnin Cleveland, Alan Freed, shi ya ɗauko ta a 1951 ya laƙaba wa faya-fayan baƙaƙen da yake sa wa matasa. Sabon suna ya samu, kayan dai na da ne.

Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jita da wannan zafin a waƙoƙin coci tun wajen 1944. Fats Domino ya fitar da "The Fat Man" a ƙarshen 1949. A 1951 ƙungiyar Ike Turner ta naɗi "Rocket 88" a Memphis, waƙar da masu tarihi da yawa ke kira ta farko a rok-an-rol. A duk wannan lokaci Elvis yana ɗan makaranta. Saboda haka masu cewa shi ya ƙirƙiro kiɗan ba su da madogara ko kaɗan, shi da kansa ma bai taɓa yin wannan iƙirari ba.

Yaron Tupelo

An haife shi ranar 8 ga Janairu 1935 a garin Tupelo na jihar Mississippi, a gida mai ɗaki biyu. Tagwaye ne, ɗan'uwan ya zo babu rai. Yana ɗan shekara uku aka ɗaure mahaifinsa Vernon saboda ya sauya adadin kuɗi a jikin cak. Talaucin nasu ya kai har suka zauna a unguwar da mafi yawan mazaunanta baƙaƙe ne, abin da a Mississippi ta lokacin yake nuna mutum ya kai ƙarshen rashi. Cocin da mahaifiyarsa Gladys ke kai shi irin wanda ake waƙa da tafi da rawar jiki ne. Ya samu jita yana shekara 11.

A 1948 suka koma Memphis, daga baya suka samu ɗaki a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Nan ne kunnensa ya buɗe. Akwai titin Beale, cibiyar kiɗan baƙaƙe, inda yake zuwa kallon tufafi masu walƙiya a kantin Lansky. Akwai gidan rediyon WDIA, wanda ya mayar da dukkan shirye-shiryensa na baƙaƙe, inda B.B. King yake aiki yana matashi. Akwai kuma wani farar fata, Dewey Phillips, da ke sa faya-fayan baƙaƙe da dare a tashar WHBQ. Doka ta iya raba famfon shan ruwa, amma ta kasa raba iska, kuma duk yaron da ke da akwatin rediyo yana jin abin da aka hana shi shiga ya gani.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, ba buluz kaɗai yake sha ba. Yana son waƙoƙin cocin fararen fata, yana son kantiri, yana kuma kwaikwayon masu tattausar murya irin su Dean Martin. Da aka bar shi da zaɓinsa, waƙoƙin soyayya masu sanyi zai yi ta rerawa.

Daren 5 ga Yuli 1954

Sam Phillips farar fata ne da ya buɗe ƙaramin ɗakin naɗar sauti a Memphis a 1950, daga baya ya kafa kamfanin Sun. Shi ya naɗi Howlin' Wolf da B.B. King da waccan "Rocket 88". Ya san zinariyar da ke hannunsa, ya kuma san iyakarta: faifan baƙar fata, komai daɗinsa, manyan gidajen rediyo ba za su sa ba, manyan kantuna ba za su ajiye ba. Abokiyar aikinsa Marion Keisker ta ce ta sha jin yana cewa da zai samu farar fata mai murya da ruhin baƙaƙe, da ya yi kuɗi na fitar hankali. Phillips ya musanta lafazin daga baya, amma lissafin dai a fili yake.

A bazarar 1953 Elvis ya shigo ɗakin, ya biya kimanin dala 4 don a naɗa masa waƙa biyu. Keisker ce ta rubuta sunansa ta ajiye. Kusan shekara guda aka yi kafin a neme shi, aka haɗa shi da mai jita Scotty Moore da mai babbar garaya ta Turawa Bill Black. A daren 5 ga Yuli sun yi ta gwada waƙoƙi masu sanyi, babu wadda ta zauna. Lokacin hutu ne Elvis ya ɗauki jita yana wasa, ya kama rera "That's All Right", wata tsohuwar buluz ta Arthur Crudup ta 1946, da sauri da tsalle-tsalle. Sauran biyun suka bi shi. Phillips ya leƙo ya ce su maimaita daga farko.

A bayan faifan suka sa "Blue Moon of Kentucky" ta Bill Monroe, waƙar fararen fatar karkara, ita ma suka sauya mata tafiya. Wannan ya kamata mai gardama ya riƙe: fuska ɗaya buluz ce da aka yi wa rigar kantiri, ɗaya fuskar kantiri ce da aka yi wa rigar buluz. Duk wanda ya saurari na Crudup ya saurari na Elvis zai ji ba kwafi ba ne kai tsaye. Sabon abin da yaron ya kawo ke nan, kuma ba ƙarami ba ne.

Bayan 'yan kwanaki Dewey Phillips ya sa waƙar a rediyo, wayar tasha ta yi ta ƙara, ya yi ta maimaita ta. Da ya kira Elvis hira a daren, sai ya tambaye shi makarantar da ya yi. Ya ce Humes. A garin da makarantu suke a rabe, amsar ta isar da saƙo ba tare da an furta ba: mai wannan murya fari ne. Ƙasa da wata biyu kafin wannan dare, ranar 17 ga Mayu, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata, kudu kuma tana ta tafasa.

Me ya sa ya tashi da sauri haka?

Farkon ba da sauƙi ya zo ba. A watan Oktoba 1954 ya hau dandalin Grand Ole Opry na Nashville, fadar kiɗan kantiri, aka karɓe shi a sanyaye, ba a sake gayyatarsa ba. Sai ya koma wani shirin rediyo na daren Asabar a Shreveport ta jihar Louisiana, ana biyansa dala 18 a dare, sauran kwanakin mako kuma suna yawo a mota gari-gari a Texas da Arkansas. Tun a wasanninsa na farko a Memphis aka lura cewa in ya karkaɗa ƙafa 'yan mata na ihu. Da farko tsoron taro ne ke sa shi rawar jiki, da ya ga abin na ci sai ya mayar da shi salo.

Nan Kanar Tom Parker ya shigo. Kanar ɗin ma ta girmamawa ce, gwamnan Louisiana ya ba shi. Sunansa na yanka Andreas van Kuijk, ɗan ƙasar Holan ne da ya shigo Amurka ba takardu, ya yi shekaru yana talla a wasannin kasuwa masu yawo. Kiɗa bai dame shi ba, amma ya san yadda ake tara jama'a a karɓi kuɗinsu. A Nuwamba 1955 ya shirya cinikin da babban kamfanin RCA ya sayi kwantiragin Elvis daga Sun kan dala 35,000, kuɗin da ba a saba biya wa sabon mawaƙi ba. Elvis bai kai shekarun sa hannu a doka ba, sai da mahaifinsa ya sa hannu.

Daga nan komai ya zo a guje. A Janairu 1956 "Heartbreak Hotel" ta fito, ta hau saman jerin gama-gari, ta sayar da fiye da miliyan. Amma talabijin ce ta yi aikin gaske. A 1950 gidajen Amurka masu talabijin ba su kai ɗaya cikin goma ba. Zuwa 1956 sun kai kusan bakwai cikin goma. Ranar 5 ga Yuni ya ajiye jita a shirin Milton Berle ya yi rawar ƙugu, jaridu suka yi masa ca. Ed Sullivan, mai ɗaya daga cikin shirye-shiryen da suka fi masu kallo, ya ce ba zai taɓa gayyatarsa ba. Da abokin hamayyarsa ya gayyaci yaron ya kwashe masu kallo, sai Sullivan ya lashe amansa, ya biya dala 50,000 don fitowa uku. Ta farkon, ranar 9 ga Satumba 1956, kimanin mutum miliyan 60 suka kalla. A ta ukun, a Janairu 1957, an hana kyamara sauka ƙasa da ƙugunsa.

Akwai kuma masu saye. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu arziki ya yalwata a Amurka, matasa suka fara riƙe kuɗin kashewa nasu na kansu. Ƙaramin faifai mai arha ya shigo kasuwa a 1949, ƙaramar rediyon hannu ta biyo baya a 1954, yaro na iya shiga ɗakinsa ya ji abin da uba bai zaɓa ba. Kasuwa ta riga ta nuna, mai kaya kawai take jira. A Maris 1957, yana ɗan shekara 22, ya sayi gidan Graceland kan dala 102,500.

A nan ne launin fata ya yi aikinsa ba ɓoye-ɓoye. Chuck Berry ya fi shi iya rubutu da kaɗa jita. Little Richard ya fi shi zafi a dandali. Dukansu sun fitar da manyan waƙoƙi a 1955. Amma babu kamfanin da zai zuba irin waɗannan kuɗi a kan baƙar fata, ya sa hotonsa a jikin jakar 'yan mata fararen fata, ya ba shi fim ya rungumi jaruma. A shekarar ce fa aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Mississippi, bisa zargin ya yi wa matar farar fata rashin kunya.

Waɗanda suka tsane shi tun farko

Abin mamaki, masu zaginsa a 1956 laifin da suke gani shi ne ya yi kama da baƙaƙe da yawa. Malaman coci sun yi wa'azi a kansa. Wani alƙali a Jacksonville ta jihar Florida ya gargaɗe shi cewa in ya karkaɗa jiki za a kama shi. Masu ra'ayin fifita farar fata a Alabama sun ce rok-an-rol makirci ne na lalata 'ya'yansu, a Afrilun shekarar kuma wasunsu suka hau dandali a Birmingham suka kai wa mawaƙi baƙar fata Nat King Cole hari, mutumin da ko rok-an-rol ɗin ba ya yi. Tsoronsu bai zama banza ba: a wuraren wasa da ake ɗaura igiya a raba fari da baƙi, matasa sun fara tsallake igiyar in rawa ta yi daɗi.

To wace satar ake nufi?

Abubuwa uku ake cakuɗawa a wannan gardama, kuma sai an warware su: aron salo, sake rera waƙar wani, da cinye kuɗin mai waƙa.

Aron salo ba shi da wuyar sha'ani. Babu mawaƙin da ya faɗo daga sama. Chuck Berry kansa daga wata tsohuwar waƙar kantiri ya gina "Maybellene". Mu ma da muka ga yadda amon waƙoƙin Indiya ya shiga finafinanmu bai kamata mu yi saurin ɗaga murya a nan ba.

Sake rera waƙar wani kuwa doka ce ta halatta. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ce da zarar waƙa ta fito a faifai, kowa na iya rera ta ya sayar, muddin zai biya sent 2 kan kowane faifai. Wa ake biya? Wanda ke riƙe da takardar mallakar waƙar, wato marubuci da kamfanin da ya yi mata rajista. Wanda ya fara rera ta, wanda muryarsa da salonsa suka sa ta yi suna, ba shi da ko sisi in ba shi ya mallake ta ba. Wannan ƙofa ce manyan kamfanoni suka yi ta bi: da waƙar baƙar fata ta fara motsi, sai su ba farar fata ya maimaita ta a ladabce, su danne ta asali. Pat Boone ya yi wa Fats Domino da Little Richard haka, nasa kuma ya fi nasu hawa a jerin gama-gari. LaVern Baker, da Georgia Gibbs ta kwafi waƙarta kusan harafi da harafi a 1955, har Majalisar Dokoki ta kai ƙara, ba ta samu komai ba.

Misalin da aka fi jifan Elvis da shi shi ne "Hound Dog". Big Mama Thornton ce ta fara rera ta, ta fito a 1953, ta yi mako bakwai a saman jerin ridim-an-buluz, ta kuma sha faɗa cewa dala 500 kawai ta samu. Ta Elvis ta sayar da miliyoyi. Sai dai labarin ya fi haka karkata. Marubutan waƙar samari biyu ne fararen fata, Jerry Leiber da Mike Stoller, 'yan shekara 19. Shi Elvis a Las Vegas ya ji wata ƙungiyar fararen fata tana rera ta da kalmomi daban, sigar da ya ɗauka ke nan. A bakin Thornton, mace ce ke korar namiji ɗan cin banza. A bakinsa ta koma kusan wasan yara a kan kare. Kuma ya fitar da tasa bayan shekara uku, lokacin da tata ta gama cin kasuwarta. Wanda ya riƙe wa Thornton kuɗi kamfaninta ne. Duk da haka, tazarar da ke tsakanin dala 500 da miliyoyi ba ta bukatar sharhi.

Na Arthur Crudup ya fi ciwo. Elvis ya rera waƙoƙinsa uku, sunansa kuma na rubuce a jikin faya-fayan a matsayin marubuci. A ƙa'ida ya kamata ya yi arziki. Amma takardun suna hannun mutumin da ya naɗe shi tun farko, kuɗin na shiga suna tsayawa a can. Crudup ya koma aikin gona da jigilar leburori. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda a ganina Elvis ba shi da mafita shi ne na uku. Kanar Parker da kamfanin rajistar waƙoƙi na Hill and Range sun kafa sharaɗi: duk marubucin da yake son Elvis ya rera waƙarsa sai ya sallama wani kaso na haƙƙinsa. Otis Blackwell, baƙar fata daga New York, shi ya rubuta "Don't Be Cruel" da "All Shook Up", har ma yakan naɗa gwaji ya aika a ji yadda za a rera. Amma a jikin faifai sai ga sunan Elvis kusa da nasa a matsayin abokin rubutu, alhali ko haɗuwa ba su taɓa yi ba. Blackwell ya yarda, domin rabin miliyan ya fi cikakken babu. Yardar wanda ba shi da zaɓi dai sunanta yarda a takarda kawai. Ana iya cewa Kanar ne ya tsara, amma aljihun da kuɗin ya shiga na Elvis ne.

Ba shi kaɗai ke cin irin wannan ba. A jikin "Maybellene" sai da Chuck Berry ya tarar da sunan Alan Freed, ladan sa waƙar a rediyo, da na wani mutum daban. Little Richard ya ce dala 50 aka ba shi ya sallama mallakar "Tutti Frutti". Sharaɗin Kanar kuma bai tsaya kan baƙaƙe ba. Dolly Parton, wadda masu son kantiri a ƙasarmu suka sani sarai, ta ba da labarin yadda aka nemi rabin mallakar "I Will Always Love You" kafin Elvis ya rera, ta ƙi, ta kwana tana kuka. Da Whitney Houston ta rera ta a 1992, kuɗin mallakar waƙar gaba ɗaya gidan Dolly suka nufa.

Me baƙaƙen mawaƙa suka ce da bakinsu?

Ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. B.B. King, wanda ya san shi tun a Memphis, ya kare shi har ƙarshen rayuwarsa. Little Richard yakan ce Elvis ya buɗe ƙofar da aka rufe musu, wani lokacin kuma ya yi ƙorafin cewa shi ne mai abin amma wani aka naɗa. Ray Charles ya ƙi yarda da sarautar sam. A 1989 ƙungiyar Public Enemy ta kira shi mai wariya a wata shahararriyar waƙarta, daga nan ne matasa da yawa suka gaji wannan ra'ayi.

Zargin wariyar ya samo tushe daga wata jita-jita ta 1957, wai ya ce abin da baƙaƙe za su iya yi masa shi ne su sayi faifansa su goge masa takalmi. Mujallar Jet, ta baƙaƙe, ta tura wakili ya bincika. An ce a Boston ya faɗa, ashe bai taɓa zuwa garin ba. An ce a wani shirin talabijin ne, ashe bai taɓa fitowa a shirin ba. A hirar ya ce rok-an-rol ya riga shi zuwa, kuma ba zai iya rera shi kamar Fats Domino ba. Shekara guda kafin nan ya ambaci Crudup da suna a wata jarida a matsayin wanda yake koyi da shi. A 1969 a Las Vegas, da 'yan jarida suka kira shi sarki, Fats Domino ya nuna.

Yabon baki dai bai biya wa kowa kuɗin haya ba. A shekarun da ake dukan masu fafutukar 'yanci a titunan kudu, bai fito ya yi magana ba, kuma babu abin da ya hana mai ƙarfi irin nasa ya sa a biya Crudup.

Wa ya ci riba?

Talakan mai sauraro ya samu wani abu. Bayan 1955 faya-fayan baƙaƙe sun riƙa shiga jerin gama-gari fiye da da, matasa fararen fata suka fara neman na asali maimakon kwafi, har kasuwar irin su Pat Boone ta ja baya. Can Ingila, samarin da suka fara da jin Elvis sun bi sawu har suka gano Chuck Berry da Muddy Waters. Ko Elvis ne ya buɗe ƙofar ko ya tarar an fara turo ta, za a daɗe ana ja, tunda Fats Domino da Chuck Berry sun shiga jerin tun kafin RCA ta saye shi.

Shi kuma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. A Maris 1958 aka ɗauke shi soja, mahaifiyarsa ta rasu a watan Agusta, daga baya aka kai shi Jamus. Da ya dawo a 1960, Kanar ya tura shi Hollywood, ya yi ta fitar da finafinai masu labari iri ɗaya, har suka kai 27. La'adar Kanar ta fara da kashi 25 cikin 100, daga 1967 ta kai rabi a kan wasu harkokin. In ban da wasanni kaɗan a Kanada a 1957, Elvis bai taɓa yin wasa a wajen Amurka ba, kuma da yawa na danganta hakan da cewa manajansa ba shi da fasfon da zai fita ya dawo. A 1973 Kanar ya sayar wa RCA haƙƙin dukkan tsofaffin faya-fayan kan dala miliyan 5.4, ya ɗauki kasonsa, haraji ya ɗauki nasa. Daga ranar, duk wanda ya sayi "Heartbreak Hotel" ba Elvis ya biya ladan murya ba. Ya rasu ranar 16 ga Agusta 1977 yana da shekara 42, jikinsa ya gaji da ƙwayoyin asibiti. Sai bayan mutuwarsa ne wata kotu a Memphis ta sa aka binciki Kanar, aka raba shi da dukiyar.

Crudup bai kai ga haka ba. A ƙarshen rayuwarsa wani mai tallata mawaƙan buluz ya tsaya masa, aka daidaita cewa Hill and Range za ta biya shi dala 60,000. Ya je New York da 'ya'yansa don a kammala, a ranar kamfanin ya ƙi sa hannu. Ya rasu a Maris 1974 a jihar Virginia, kuɗin da aka ƙwato daga baya magadansa ne suka karɓa.